Motar kwana-kwana ta rimot: yadda ake gina ta, a ja mata waya, a yi mata fenti

Duk wanda ya yi yarinta a Arewa ya san motar kara da motar langa-langa: gwangwanin madara, tayoyin tsohon silifas, sai doguwar waya a matsayin sitiyari. Yaranmu da aka haifa a Agege, ko Sabo ta Ibadan, ko Fatakwal, abin da suke gani a waya ya wuce nan. Suna kallon bidiyon manyan mutane a Jamus da Japan, wasu har da furfura, suna tuƙa ƙananan manyan motoci da rimot, kuma wadda ta fi ɗaukar hankali a cikinsu ita ce motar kwana-kwana: ja wur, fitilu na walƙiya, jiniya na kuka, ta tsaya ta fesa ruwa na gaske. Sai yaro ya juyo ya ce, Baba, za a iya yin irin wannan a nan?

Za a iya. Amma gara a sani tun farko, cikin duk motocin rimot ita ce mafi wuyar sha'ani, domin ta tara abubuwa uku da ba sa ga-maciji da juna a cikin akwatin da bai wuce kamu biyu ba: ruwa, lantarki, da batirin da shi kansa zai iya kamawa da wuta. Mafi yawan masu asarar kuɗinsu ba rashin iya yanka ko fenti ke kayar da su ba. Gaggawar ganin mota ta yi ja ce. Su fesa fenti tun ba su san inda tanki zai zauna ba, daga baya a zo jan waya sai an huda bodin da aka sha wahalar gyarawa. Aikin yana da jeri: mota ta fara tafiya tsirara, a ja waya a gwada komai, a kwance, sannan fenti.

Maganar farko ita ce ma'auni. Masu wannan sana'a suna cewa mota 1/14 ce, ma'ana kowane tsawo na motar gaske an raba shi gida 14. Motar da ta kai mita 8.4 za ta dawo santimita 60, faɗin mita 2.5 ya dawo kusan santimita 18, taya kuma wajen santimita 8. Wannan mai sauƙi ne. Inda lissafin ke ba mutane mamaki shi ne wajen ruwa, domin tanki yana raguwa ta tsawo da faɗi da zurfi gaba ɗaya: 14 sau 14 sau 14, wato 2,744. Tankin lita 4,000 zai dawo lita ɗaya da kusan rabi, kwatankwacin ledar fiya-wata uku. Ka ga kilo ɗaya da rabi ke nan na ruwa zalla, kafin a sa batir da famfo da bodi. A ma'aunin 1/16 kuwa za a raba da 4,096, tankin ya dawo kusan lita ɗaya. Ni a ganina rabin lita ma ya ishi mai farawa. Ba gobarar kasuwa za ta kashe ba.

Haka gudu. Motar gaske mai tafiyar kilomita 80 a awa, idan aka raba da 14, ƙaramarta ba za ta kai kilomita 6 a awa ba, wato tafiyar mutum mai sauri. Duk motar kwana-kwanar da ke fizga kamar ɗan acaɓa, to ta daina kama da ta gaske, kuma da ta sha kwana da ruwa a cikinta za ta kife.

Kafin a sayi ko da kusa ɗaya, a zaɓi motar gaske guda da za a kwaikwaya. Manyan sunaye a duniyar motocin kashe gobara su ne irin su Rosenbauer na ƙasar Austiriya, wanda aka kafa a 1866, da Magirus na birnin Ulm a Jamus, wanda ya yi suna wajen motoci masu dogon tsani. Su galibi ba kan mota suke ƙerawa ba, sukan ɗauki shasin MAN ko Mercedes ko Scania ko Iveco su gina akwatin kayan aiki da tanki a bayansa. Kai ma abin da za ka yi ke nan. Hotunan intanet suna taimakawa, amma ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa da kai ya fi: ka je ka yi sallama, ka nemi izini, ka ɗauki hoton gaba da baya da gefe biyu. Da ka san girman taya, za ka iya auna sauran jikin motar daga hoton. Motar tsani mai juyawa a bar wa wanda ya ƙware. Ta tanki da famfo ita ce ta farawa.

Shasi, wato ƙashin bayan motar da tayoyi da giya, hanya uku ce. Ta masu hali ita ce ta kamfanin Tamiya na Japan, wanda tun 1993 yake fitar da manyan motoci na 1/14, farawa da wadda ake kira King Hauler. Suna zuwa a warwatse cikin kwali ka haɗa da kanka, da shasin ƙarfe, da sifirin irin na tirela, da giya uku da ake sauyawa daga rimot. Kaya ne mai kyau, amma da dala ake lissafinsa, ga kuɗin kawowa. Ta biyu ita ce ƙananan motocin WPL na China, 1/16, masu ja da taya huɗu ko shida, waɗanda suka fi araha nesa ba kusa ba. Rauninsu giyoyin roba ne, kuma ana sayar da na ƙarfe a musanya. Ta uku ita ce a samu motar wasa ta Bruder, kamfanin Jamus da ke yin motoci 1/16 da roba mai ƙarfi, har da na kwana-kwana, a ɗauki kanta da bodinta a ɗora kan shasi mai inji. Akan ci karo da su jefi-jefi a tulin kayan wasan gwanjo. Kan mota shi ne abu mafi wuyar ƙerawa da hannu, saboda lanƙwasa da gilashi, don haka wanda ya samu na Bruder ya rage rabin wahala.

Bayan motar kuwa akwati ne, kuma akwati kowa zai iya. Turawa suna amfani da farantin roba fari mai kaurin milimita 1 zuwa 2. A nan abin da ya fi sauƙin samu shi ne allon da masu yin allunan talla ke kira Forex: ba nauyi, yana yankuwa da wuƙar reza, sufa-gulu na kama shi, ruwa ba ya cin sa. Kwali da filawud a manta da su, mota ce ta ruwa. Ƙofofin gefe masu naɗewa sama, ba sai sun buɗe ba. A ja layuka a jere da bayan wuƙa da rula, a yi musu ruwan azurfa, sun fito. Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: bodin ya zama mai cirewa ɗungurungum, da sukuru huɗu ko da maganaɗisu. Za ka buɗe motar nan sau ɗari.

Tanki ya zauna ƙasa-ƙasa, a tsakiya, bisa tayoyin baya ko ɗan gabansu kaɗan. Robar abinci mai murfi mai kamawa ta isa. A cikin tankin motar gaske akwai shingaye da ke hana ruwa tunkuɗa gaba da baya idan an taka birki. A ƙaramar ma haka, a sa shinge ɗaya ko biyu masu huda, ko a cusa soso mai manyan ƙofofi. A bar 'yar ƙofar iska a sama, in ba haka ba famfo zai ja ya ja ruwa ya ƙi fita. Kayan lantarki kuma su hau sama da tanki ko su koma cikin kan motar, yadda ko tiyo ya fita, ruwan ƙasa zai bi, ba kansu ba.

To, mu zo ga waya, inda aikin yake.

Rimot na zamani yana aiki a kan 2.4 GHz, kuma kowane yana ɗaure da risibarsa, shi ya sa motoci goma za su yi wasa wuri ɗaya ba mai shiga layin wani. Rimot ɗin motar wasa mai layi biyu ba zai isa ba. Lissafa: gaba da baya layi ɗaya, sitiyari ɗaya, fitilu ɗaya, jiniya ɗaya, famfo ɗaya, idan akwai sauya giya ko juya bakin tiyo ga na shida. Shi ya sa irin FlySky FS-i6 mai layi shida ya zama na kowa da kowa.

Daga batir, wuta tana fara shiga wata na'ura da ake kira ESC. Ita ke karɓar umarni daga risiba ta ba injin lantarkin, wanda masu gyara ke kira moto, wuta daidai yadda ka tura yatsa. Ita ce kuma ke rage wutar zuwa bolt 5 ko 6 ta ciyar da risiba da sarbo, ɗan injin nan da ke juya tayoyin gaba. Hobbywing QuicRun 1060 sananniya ce, kuma ba ta tsoron ɗigon ruwa. Wayar sarbo uku ce: baƙa ko ruwan ƙasa ita ce negatif, ja a tsakiya ita ce fositif, fara ko ruwan lemo ita ke ɗauke da umarni. A sayi sarbo mai giyar ƙarfe, domin juya taya a ƙarƙashin nauyin ruwa ba ƙaramin aiki ba ne. Moto kuma a duba lambar da ke jikinsa: 27T mai gudu ne, 55T ko 80T yana tafiya a hankali da natsuwa. Na biyun ake so.

Wayar da ta tashi daga batir zuwa ESC ta zama mai kauri kuma gajera, a sa mata fis irin na mota mai ƙafa biyu, na amfiya 10 ko 15, dab da batir a ɓangaren fositif. Wannan ɗan fis ɗin shi ne tsakaninka da hayaƙi ranar da wayoyi biyu suka haɗu. Duk mahaɗa a yi mata dalma a rufe da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi. Murɗa waya da hannu a naɗe da salatif yana aiki a kan tebur, amma mota girgiza take yi.

Fitilu su ne ke cinye lokaci, su ne kuma ke sa mota ta yi rai. Ƙwan LED yana da ƙafa biyu, doguwar ita ce fositif. Ka juya shi ba zai kama ba. Ja yana buƙatar wajen bolt 2, fari da shuɗi wajen bolt 3, kuma ba ya son wutar da ta wuce miliamfiya 20. Ba a haɗa shi kai tsaye da batir, nan take zai ƙone. Sai an sa masa razista, kuma lissafin ba wuya: ka cire abin da ƙwan ke buƙata daga wutar da kake da ita, ka raba da abin da kake so ya ja. Misali wutar bolt 6, farin ƙwai mai bolt 3, saura 3. A raba da 0.01, wato miliamfiya 10, ya ba da om 300. Sai a sayi mai 330, wanda zanensa lemo, lemo, ruwan ƙasa. Miliamfiya 10 ta isa, fitilar ƙaramar mota ba sai ta kashe ido ba. Kowane ƙwai da nasa razista. Masu son sauƙi sukan haɗa ja da fari a kan razista ɗaya, sai su ga jan kaɗai ke kamawa, su ɗauka farin ya mutu. Ba mutuwa ya yi ba, jan ne ya riƙe wutar a bolt 2, farin bai samu abin da zai tashe shi ba. Siraran wayoyin cikin tsohuwar igiyar caji sun dace da wannan aiki. Razista da ƙwai da dalma kuwa, wanda ke Legas ya san hanyar Alaba da Computer Village, na sauran garuruwa ya tambayi mai gyaran rediyon unguwa inda yake sayo nasa.

Fitilar walƙiya ta saman mota, a Turai shuɗiya ce, a Amurka ja ta fi yawa. Kai dai ka bi motar da kake kwaikwayo. Akwai ƙwan LED mai ƙyaftawa da kansa, shi ne hanya mafi sauƙi. Mai son tsari irin na gaske, hagu sau biyu dama sau biyu, ya nemi ɗan allon Arduino Nano, wanda kowane ɗalibin kimiyyar kwamfuta zai rubuta masa umarnin a zama ɗaya. Jiniya ma haka, ƙaramin allon DFPlayer Mini da katin memori da 'yar lasifika. A sa mata abin rage murya, saboda maƙwabta a gidan haya.

Duk wayoyin da ke cikin bodi su taru a filogi guda ɗaya, yadda in za a cire bodin sai a zare filogin kawai. A manna wa kowace waya 'yar takarda da sunanta, a kuma zana taswirar haɗin a littafi. Bayan wata uku ba wanda ke tuna wace baƙar waya ce ta ina.

Famfo shi ne inda aka fi yin ɓarna. Wanda ya fi sauƙin samu shi ne na wanke gilashin mota, irin wanda ke jibge a Ladipo da kowace kasuwar kayan gyara. Na bolt 12 ne, amma a kan bolt 7 da ɗoriya yana aiki da rage ƙarfi, wanda ma ya fi dacewa da ƙaramar mota. Halinsa biyu: ba ya iya tsotso ruwa daga ƙasa, dole ya zauna daidai gindin tanki ruwa ya gangaro masa; kuma ba a yi shi don dogon aiki ba, fesawa ce ta ɗan lokaci a huta, kada kuma ya juya babu ruwa. Babban kuskure shi ne a ba shi wuta daga risiba. Yana jan amfiya da yawa, wutar risiba ta faɗi, ta ɗauke na ɗan lokaci, mota ta daina jin umarni alhali tana tafiya. Famfo ya sha daga batir kai tsaye, ta hanyar makunnin lantarki da risiba ke ba umarni kawai. A gicciya masa dayod, irin 1N4007, zanen jikinsa na kallon fositif, don ya shanye tartsatsin da ke dawowa idan an kashe. Tiyo kuwa, sabuwar robar ƙarin ruwa daga kemis ta yi daidai, sabuwa fa, ba wadda aka yi amfani da ita ba. A ɗaga bakin tiyon ya tsaya sama da tanki, in ba haka ba ruwa zai riƙa zuba da kansa ko famfo na kashe.

Sai mota ta yi kwanaki tana yawo a tsakar gida fara fat, da ruwa a cikinta, komai na aiki, ba ɗigo, sannan a kwance a shiga fenti.

A goge jikin da samfefa mai lamba 400, a bi da 600, a wanke da sabulu a bar shi ya bushe sarai. Sannan faraima. Ga sirrin jan fenti: ba ya rufe abin da ke ƙarƙashinsa sosai. Ka fesa shi a kan toka, zai fito ja mai duhu kamar zoɓo. A kan fari ne yake fitowa wur. Don haka farin faraima. Jamusawa har lamba suke ba launin, RAL 3000, wato jan wuta, kuma mai haɗa fentin mota da ya san aikinsa zai gane lambar. A gwangwanayen Tamiya, masu harafin TS su ne na roba mai tauri, irin TS-8 da TS-49. Masu PS na wata roba ce daban mai laushi, kada a ruɗe. Fentin mota na kasuwa yana yi, amma tinarsa na iya cin roba ta yamutse, shi ya sa ake fara gwadawa a kan guntun da aka yanke aka yar. Kada kuma a ɗora fenti mai tina mai zafi a kan fentin mai, zai tattare.

A fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, shafa uku ko huɗu marasa kauri, ana hutawa tsakani. Ta farko ta zama kamar ƙura ta sauka. Mu da ke Kudu muna da abokin gaba da littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba, wato laima. Idan iska ta jiƙe, fenti mai saurin bushewa yana kama danshi ya yi hazo fari-fari, sheƙin ya tafi. Kada a fesa da sassafe, ko da yamma, ko bayan ruwan sama. A jira rana ta ɗaga iska ta bushe. Lokacin hunturu ya fi, sai dai shi kuma ƙura, don haka da an gama a kifa babban kwali a kai. A yi aikin a waje da takunkumi, nesa da murhu da janareta.

Farin layin gefe ba a ɗora shi a kan ja. Farin ake fara fesawa, ya bushe, a rufe layin da salatif ɗin masu fenti, a fesa ja, a cire tun fentin bai gama tauri ba. Cikin gidajen fitilu a shafa baƙi ko a liƙa takardar alminiyam, in ba haka ba da daddare duk kan motar zai riƙa haske kamar fitilar ƙwai. Gilasai kada a kama su da sufa-gulu, tururinsa na sa su fari; farin gam na katako ya isa. Rubutu da lambobi a kai wa masu buga sitika, irin na Shomolu, su yanka a ƙaramin girma. Fenti yana bushewa a taɓa cikin awa guda, amma bai yi tauri ba. A ba shi kwanaki kafin a ɗaura sukuru.

Saura batir, kuma a nan ba wasa. LiPo mai ɗaki biyu, wanda aka rubuta wa 7.4V, shi aka fi amfani da shi. Kowane ɗaki yana cika a bolt 4.2, ba a bari ya sauka ƙasa da 3, idan kuma za a ajiye shi kwanaki a bar shi wajen 3.8. Yana da cajarsa ta musamman mai daidaita ɗakunan biyu. Cajar waya ko ta tocila ba ta yi. Ba a caja shi a kan katifa, ba a barin sa a caji a tafi masallaci ko a kwanta barci da fatan za a kawo wuta cikin dare. A sa shi a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, da yashi a kusa, mutum na wurin. Wanda ya kumbura ko ya huje ya gama aiki, kada a ce bari a lallaɓa. Mu da yawancinmu ke zaune a ɗakunan haya manne da juna, wasu ma a cikin kasuwa kusa da kayan mutane, mun san abin da tartsatsi ɗaya ke jawowa. Idan yaro ne zai riƙa wasa da motar shi kaɗai, a saya masa batirin NiMH mai bolt 7.2. Ya fi nauyi, bai kai LiPo ƙarfi ba, amma ya fi haƙuri da ganganci, kuma nauyin nasa a ƙasan shasi ma taimako ne.

Ranar gwajin farko a ɗora motar a kan bulo, tayoyi na lilo. Rimot ake fara kunnawa, sannan mota. Wajen kashewa mota ce farko. A saita risiba yadda idan saƙo ya yanke, moto zai tsaya famfo ya mutu, sannan a gwada da gangan: a ba ta wuta kaɗan, a kashe rimot, a gani ko tayoyin sun tsaya. In sun tsaya, a sauke ta ƙasa a zuba ruwa.